Lucius Mai Rigar Aro

St. Amable, Louisiana
Satumba, 1994

Lucius ɗana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kana kuma cin abincin kirki, ba burodi da sanyayyen naman nan da kuke kira abinci a can arewa ba. Ni dai da sauƙi. Gwiwa tana nan da halinta, sukari ya ɗan sauka, kunne kuwa sai abin da ya ci gaba. Shekarun da na yi a gindin injin matse rake sun karɓi rabonsu, don haka kada ka sake kirana a waya kana ihu kamar gida ya kama da wuta. Ko da na'urar kunnen, ƙugi kawai nake ji. Ka zauna ka rubuta, ai na kai ka makaranta.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekara ta uku ke nan, kowace Lahadi in an tashi daga coci, nake tsallaka titi zuwa gidan maƙwabcina Alcide, tunda shi ke da satalayit mai kamo wasannin ƙwallon Amurka na ƙungiyarku. Nakan zauna dab da talabijin har fuskata ta ɗauki zafi. Na ga masu kai ruwa, na ga mai riƙe wa koci igiyar waya, wata rana har kare na gani ya ratsa fili. Kai ne kawai ban gani ba. Ka ce mini kana cikin 'yan atisaye, wai ku ba ku sa riga ranar wasa sai an ɗaga ku. To wane ne mai ɗagawar, kuma hannunsa ciwo yake yi?

Lahadin da ta wuce Prejean, dattijon cocinmu mai bakin nan, ya tare ni a ƙofa a gaban mutane. Ya ce, "'Yar'uwa Odile, ya labarin gwanin cafe ƙwallonmu? Ko dai tawul yake cafewa a ɗakin wanka?" Na ce, "Ɗan'uwa Prejean, nawa dai na san garin da yake kwana. Naka fa?" Ya haɗiye dariyarsa. Amma da na dawo gida abinci ya ƙi shiga.

Jiya kuma Misis Fontenot, shugabar makarantar sakandarenku, ta zo har gida. Ta ce tsohon kocin yara zai ajiye aiki a ƙarshen shekara, kuma babu wanda take so sai kai, yaron da ya ɗauki makarantar nan a kafaɗa har wasan ƙarshe na jiha. Za ta riƙe maka kujerar zuwa Kirsimeti. In ya wuce, za ta ba wani.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba, so nake ka dawo. Tun ranar da teku ta cinye ubanka Ambrose a wurin haƙar mai na ɗauke ka, ban taɓa roƙonka komai ba sai wanke kwano. Yanzu ina roƙo. Gidan nan ya yi mini faɗi, tukunyata ta saba da mutum biyu. In kuwa ka ce a'a, to ka aiko mini da hoto ko ɗaya in toshe bakin Prejean da shi.

Gwaggonka,
Odile

Satumba, 1994

Gwaggo,

Na gaishe ki da kyau. Lafiyata ƙalau, sai ɗan yatsa da ya gurɗe, shi ma an ɗaure. Ki riƙa shan maganin sukarin nan, kada ki ce ya sauka ki jefa kwalbar bayan gado, na san ki.

Ga hoton da kika nema. Mai ɗaukar hoton ƙungiya ne ya ɗauka ranar Laraba a wurin atisaye. Wanda ke bayana yana kamun iska sunansa Percy Odom, shi ne gwanin masu tsaron bayanmu, duk ƙasar nan an san shi. Ki nuna wa Prejean, ki ce ya sa tabarau.

Makon nan babu hutu, idon kowa a kaina yake, domin wasan Lahadi mai zafi ne. Ki kalla, za ki ga amfanin gumina. Ki gode wa Misis Fontenot, amma ban gama da nan ba. Zan rubuto doguwa in na sami sarari.

Ɗanki,
Lucius

St. Amable
Oktoba, 1994

Lucius,

Ina lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Ina fata yatsan ya warke, domin da shi za ka rubuto mini bayani.

Hotonka ya iso ranar Asabar da safe. Na gan ka a sama, ƙwallo a bakin yatsu, ga jar riga ta raga a jikinka, ga 84 ɓaro-ɓaro a ƙirji. Na ce Ubangiji ya ji kukana, an ɗaga yarona, an ba shi lamba. Da takalmi wari-wari na fita. Kafin azahar matan ƙungiyar mawaƙan coci sun sayo jajayen riguna, muka zauna a barandata muna yanka takwas da huɗu muna ɗinkawa. Celestine ƙawata ta kawo ƙaguwa da jatan lande, na ɗora miyar gumbo a babbar tukunyar nan da ba ta sauka daga rumfa sai biki ko mutuwa.

Prejean ya biyo, ya ɗauki hoton yana juyawa, ya ce, "'Yar'uwa, wannan rigar ai..." Na san bakinsa, sai na kai hannu na kashe na'urar kunnena, na bar shi yana motsa leɓe shi kaɗai.

Ranar Lahadi Fasto ya taƙaita wa'azi saboda kai. Alcide ya fito da talabijin baranda, tsakar gidansa ta cika fal, ko'ina ja. Aka zaunar da ni a gaba. Ƙungiyarku ta fito cikin shuɗi kamar kullum. Abokan gaba suka fito cikin ja. Na ce a raina wataƙila yau an yi musaya. Sai ga 84 ya juyo baya, da jar rigarsa, da wani suna da ba na ubanka ba.

Wurin ya yi tsit, har ni kurma na ji shirun. Daga nan wani ya fashe da dariya a baya, sauran suka ɗauka. Celestine ta zame bayan mota ta juya rigarta ciki waje. Wasu suka ɗebi gumbo a kwano suka sulale. Prejean bai yi dariya ba, ya zo ya dafa kafaɗata ya ce, "Miyar ta yi daɗi, 'yar'uwa." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ban tashi ba. Na zauna cikin jar rigar nan har aka busa tashi, domin ba a taɓa korar Odile Ledet daga kujera da dariya ba. Mutumin nan 84 bai cafe ko ɗaya ba duk wasan, Percy ɗinka ya manne masa kamar kaska. Kun ci. Ban san ko in yi murna ba, tunda rigar wanda aka kayar ce a jikina.

Rigar wa ka sa, Lucius? Me ya kai ka sa lambar abokin gaba kana tsalle ana ɗaukarka hoto? Kayan aro ba ya rufe katara. In abin da suka mayar da kai ke nan, ka tattara ka dawo inda aka san sunanka. Misis Fontenot tana wurin, ta ga komai, kuma duk da haka ta ce maganarta tana nan.

Odile

Oktoba, 1994

Gwaggo,

Gaisuwa da girmamawa. Yatsa ya warke. Sanyi ya fara shigowa daga tafki, amma bargon da kika ɗinka mini yana aikinsa.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Kunyar da kika sha ta ƙona ni har cikin ƙashi. Amma ban ce a ɗinka riga ba, kuma da kin bar na'urar a kunne da Prejean ya yi miki rana sau ɗaya a rayuwarsa.

Ga aikina. Kowane mako akwai ƙungiyar da za mu kara da ita, kowace kuma tana da gwaninta na cafe ƙwallo. Ranar Litinin sai a ba ni kaset ɗin wasanninsa in zauna in haddace shi, yadda yake tsayuwa, yadda yake tashi, inda yake kai ido. Ranar Laraba a jefo mini rigar raga mai lambarsa, in zama shi, masu tsaronmu su yi ta gwada ƙarfinsu a kaina har Juma'a. Mai 84 ɗin nan yakan goge tafin hannu a cinya in ƙwallo wurinsa za ta zo, kuma yana jan ƙafar hagu kafin ya karya zuwa tsakiya. Matarsa ba ta san haka ba, ni na sani. Na yi ta yi wa Percy shi har jikinsa ya haddace. Shi ya sa kika ga mutumin ya tashi hannu wofi. Gumin da na ce ki kalla ke nan.

Bayan wasa, a ɗakin sauya kaya, koci yakan ɗaga ƙwallon da aka buga ya ba wanda ya fi kowa ƙoƙari. Ya miƙa wa Percy. Aka yi tafi, ni ma na tafa, ina tsaye a lungu cikin kwat ɗina na zuwa coci.

Washegari na ƙwanƙwasa ofishin Koci Lindahl. Na ce, "Koci, cikin masu cafewar da kake sakawa, rabinsu ba su taɓa wuce Percy ba. Ni kullum sai na bar shi a baya, kana gani. Me ya rage?" Ya cire tabarau ya ce, "Ledet, ban taɓa samun mai yin aikin nan kamarka ba. In na sa ka ranar Lahadi, wa zai yi mini Laraba?" Har da murmushi. Shi a wurinsa yabona ya yi.

Na san abin da ke rubuce a kaina. Gajere ne, daga ƙaramar jami'a ya fito, ranar zaɓen sababbin 'yan wasa babu wanda ya kira sunansa, agogo ya ce ba shi da gudu. To agogo bai taɓa tsare ni a fili ba. Akwai irina a kowace ƙungiya, Gwaggo. Mukan haɗu a bakin fili kafin wasa cikin kayan gida, mu gaisa da kai, kowa ya san ɗan'uwansa. Wasu sun gaji sun koma tuƙin babbar mota. Ni ban gaji ba.

Kina so in dawo in tsaya gaban yara da usur a wuya. Ranar da ɗaya ya ce, "Koci, ka taɓa bugawa?" me zan ce? In ce na sa rigunan manya duka, sai tawa? Lahadi ɗaya nake nema da Ledet a bayana, a jefo mini ƙwallo mutane suna kallo. In na yar da ita, zan dawo da ƙafata in wanke miki kwano har tsufana. Kafin nan ko St. Amable duka za ta mutu da dariya, ina nan.

Ɗanki,
Lucius

Nuwamba, 1994

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ko da ba za a amsa ba. Tun wancan watan nake duba akwatin wasiƙa, shiru. Na san salon fushinki, kin kashe mini na'ura daga nesa. Lafiyata lau. Ina fata ke ma haka.

Ki duba bayan ambulan, adireshi ya canza. A dokar wasan nan, kowace ƙungiya tana iya ɗauke ɗan atisayen wata, muddin za ta sa shi cikin jerin masu bugawa. Jiya da safe aka kira ni, kafin yamma ina cikin jirgi. Da na shiga ɗakin sauya kayansu na tarar da riga a rataye, fara, lamba 89, LEDET a baya. Na daɗe a tsaye ban taɓa ta ba. Don Allah kada ki ɗinka komai.

Amma akwai ƙashi a cikin naman. Kin san da wa za su kara ranar Lahadi? Da ƙungiyar da na baro. Ban ko gama ɗaure takalmi ba aka kai ni wani ɗaki, kociyoyi suka zagaye ni da kofi da fara'a. Babbansu, wani mai farin gashi, ya ce, "To ɗana, in kocin tsaronsu ya taɓa hula ya shafa ƙirji, me yake nufi? In Percy ya yi ihu 'shaho', ina za su dosa?" Sai na gane. Ba don hannuna suka ɗauko ni ba, don abin da kunnena ya ji ne. Tsohuwar dabara ce, kowa yana yi. A ɗauko yaron maƙwabta, a tatse shi, mako na gaba a sallame shi.

Na ce kaina yana ciwo daga jirgi. Ya ce, "Ka huta ka tuna. Mai tunani mai kyau yakan sami ƙwallo ranar Lahadi."

Na san duk abin da suke tambaya, har da wanda ba su san za su tambaya ba. In na buɗe baki, abin da na yi shekara uku ina nema yana hannuna. In na rufe, wataƙila in sa rigar in tsaya a gefe kamar mai gadi, ranar Talata a ce in kama gabana. Lindahl bai cancanci shiruna ba. Amma Percy ne yake kai ni gidansa cin talotalo kowace shekara ranar bikin Godiya, matarsa tana ƙunsa mini saura.

Na san amsarki ba za ta iso kafin wasa ba. Ba ni da wanda zan faɗa wa ne sai ke.

Lucius

St. Amable
Nuwamba, 1994

Lucius ɗana,

Ina amsa gaisuwa. Shirun da ka ji rabinsa fushi ne, ba zan musa ba. Ɗaya rabin asibiti ne. Na zame a matakalar baranda na bugu a ƙugu, na jima a ƙasa kafin Alcide ya hango ni. Babu karaya, sai dai yanzu da sanda nake tafiya. Na hana a gaya maka. Da na fito na rubuta maka, wasiƙar ta je tsohon gidanka ta dawo mini da tambari a goshi. Gara da ta dawo, akwai maganganu a ciki da ba su dace da mai zuwa coci ba.

Yau Asabar, taka ta iso ɗazu, kuma na san kafin wannan ta same ka an riga an sha ta. Duk da haka ga tawa. Ka faɗa musu! Ka faɗa musu har irin man da Lindahl ke shafawa a sanƙonsa. Mutumin da ya dube ka ya ce wa zai yi masa Laraba, me ka ci nasa? Na yi wa kamfanin rake biyayya tun ina budurwa, ranar da kunnena ya mutu suka haɗa ɗan biki suka ba ni agogon bango mai kiɗa. Yana nan a falo, an ce kiɗan da daɗi. Percy kuwa in abokin kirki ne zai gane, in bai gane ba talotalo ba a gidansa kaɗai ake gasawa ba.

Na karanta bayanin aikinka sau da yawa. Ban ce na yarda ba, amma na daina jin kunyar jar rigar, har na sa ta na je kasuwa.

Misis Fontenot ta aiko jiya tana tuni, Kirsimeti ta matso. Ban ce mata komai ba tukuna. Gobe zan tsallaka gidan Alcide ni kaɗai, babu gumbo, babu gayya.

Gwaggonka,
Odile

Disamba, 1994

Gwaggo,

Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Ƙashin kafaɗata ta dama ya karye, likita ya ce zai haɗe kafin bazara. Yaya ƙugun? Kin kwanta asibiti kin ɓoye mini, za mu yi wannan shari'ar.

Wasiƙarki ta iso bayan an gama komai, na yi dariya har kafaɗa ta hukunta ni. Amma ban faɗa musu ba. Da suka sake zaunar da ni na ce, "Kalmominsu nasu ne, ba zan ba ku ba. Abin da yake nawa shi ne na san Percy Odom. Ku jefo mini ƙwallo ku gani." Mai farin gashi ya miƙe ya ce, "Mun sayo aku, ashe bebe ne." Ba don Lindahl na yi ba, ba ma don Percy duka ba. In na shiga fili da bakina, har in mutu ba zan san ko hannuna ya isa ba.

Sun sa mini rigar don dole, suka dasa ni a gefe. Na tsaya har ƙafata ta daskare. Ana dab da tashi, ana cin mu, ɗaya daga cikin masu cafewarsu ya ɗingisa ya fito. Na ji an ce, "Ledet! Shiga, kada ka ɓata mana komai."

Na je na tsaya a layi, sai ga Percy a gabana yana washe baki ta cikin hular kwano. Ya ce, "A'a, mai rigar aro! Wa ka zama yau?" Na ce, "Wanda zai ba ka kunya a gaban matarka." Ya ce, "Ka san duk makon nan an sa wani sabon shiga ya sa 89 a atisaye? Lindahl da kansa ya ba shi kaset ɗinka ya haddace. Bai iya ka ba, ɗan gari." Gwaggo, na kusa manta abin da aka ce in yi.

Damarmu ta ƙarshe ce, kuma da sauran nisa. Mai jefa mana ƙwallo ya duba ko'ina, an kulle masa manyan, ya waiwayo gefena. Ni kuwa tun kafin a tashi na goge tafin hannu a cinya, da na zabura na ja ƙafar hagu. Darasin da na koya wa Percy da kaina ne. Jikinsa ya gaskata kafin kansa ya tuna, ya faɗa tsakiya, ni na karya waje. Ƙwallo ta zo da tsayi, na tashi na ɗauko ta. Ban sauka ba wani mai tsaron nasu ya same ni da dukan ƙarfinsa. Na ji ƙashin ya ce ƙas. Ban saki ba. Na miƙe na ba alƙalin wasa ƙwallo da hagu, na fita da ƙafata.

Duk da haka an cinye mu. Percy ya leƙo ɗakin likita ya ce, "Ɗan banza, da karatuna ka yanka ni," ya sumbaci goshina ya fita.

Ranar Talata suka ce zan zauna cikin masu rauni zuwa ƙarshen shekara, daga nan ba su da buƙatata. Ba su yafe mini shirun ba.

To na sami Lahadina. Shekarata ashirin da bakwai, kafaɗa a karye, ƙwallo ɗaya tak a tarihina. Ke kuma kina faɗuwa a baranda babu mai ɗaga ki. Na gaji, Gwaggo, yau na faɗa. Ki gaya wa Misis Fontenot ina zuwa. Ke ce da gaskiya.

Ɗanki,
Lucius

St. Amable
Disamba, 1994

Lucius ɗana,

Sannu da jiki. Ka riƙa shan romon ƙashi, kada ka kwanta ta dama. Ƙuguna da sauƙi, sandar ma yanzu ta nuna wa mutane hanya ce.

Ka makara. Kujerar ta tafi, kuma ni na bayar da ita.

Na gani, Lucius. Ni da Alcide ne kawai a falo, sai Prejean da ya tsaya a taga wai karensa yake nema. Da ka shigo aka nuno bayanka, na sa yatsa a gilashin na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Na ga tashinka, na ga dukan, na ga ka kwanta ba motsi, raina ya fita ya dawo. Sannan na ga ka miƙe, hannu ɗaya yana lilo, ɗayan riƙe da ƙwallo, ka nemi alƙali ka ba shi a hannu kamar mai mayar da kwanon maƙwabta. Alcide ya ce ihun da na yi ya tayar da kajinsa. Prejean ya cire hula.

Litinin da safe na ɗauki sanda na tafi makaranta. Na ce, "Misis Fontenot, na gode da haƙurinki, ki ba wani." Ta ce, "Mama Odile, kin tabbata? Na ga yadda aka buge shi." Na ce, "Ke kin ga an buge shi, ni na ga bai saki ba." Ta ba mataimakin tsohon kocin, har ya fara sayen usur.

Ka ce ni ce da gaskiya. Riƙe gaskiyarka, ba na so. Na ce ka dawo ne lokacin da na ɗauka wasa suke da kai kuma kai ma ka yarda. Mutumin da abokan gaba suka zauna suka haddace ba ya ajiye takalmi don tsohuwa ta zame a matakala. Na kuma ji daɗi da shawarata ta makara a hanya, ka fi ni hali, ban san inda ka samo ba. In ka dawo saboda ƙuguna, kullum na dube ka a kan tebur zan ga abin da na karya, kuma wannan babu likitan da ke ɗora shi.

Alcide ya ce kowace ƙungiya tana kallon kaset ɗin kowa, kuma in nan sun makance akwai ƙungiyoyin Kanada. Ka rubuta musu da hagun, su san da wa suke magana. Maganar mai ɗaga ni kuwa, Celestine za ta tare a ɗakin baya bayan sabuwar shekara. Ta ce tana munshari, na ce wannan damuwar maƙwabta ce.

Kada ka ɗauka ba na kewarka. Ina kewarka har wani lokaci nakan zuba abinci kwano biyu in mayar da ɗaya tukunya. Ka zo Kirsimeti, ɗakinka a share yake. Zan ciyar da kai har wandonka ya ƙi rufuwa, zan yanka maka nama tunda hannu ɗaya gare ka, za mu je coci ka zauna kusa da ni a gaba. Amma ranar da likita ya kwance maka hannun nan, ni da kaina zan fitar da jakarka baranda in kulle ƙofa. Kada ka ƙwanƙwasa. Ina ciki ina kuka, kuma ba zan buɗe ba.

Gwaggonka,
Odile Ledet